Hannun da Ya Miƙa Ƙwarya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma akwai wani hoto guda da na yi wa wata tsohuwa lokacin ina da shago a Funtua, wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Ba don ya yi kyau ba. Wallahi cikin duk hotunan da suka fito daga hannuna babu mummuna kamarsa, babu kuma wanda ya gajiyar da ni kamarsa.

A shekarun tamanin ne, muna ƙarƙashin Jihar Kaduna tukuna. Aikina bai wuce hoton 'yan makaranta ba, da na masu neman aiki, sai manoman da suka sayar da auduga suka ɗinka sabuwar riga suna son duniya ta shaida. Zamanin kuma kayan aiki sun yi ƙaranci, takardar wanke hoto sai da sanayya ake samu. Ga ni da saurin fushi, duk layinmu an san ni. Mai shayin kusa da ni yakan ce in mutum yana son ya fito a hoto fuska a murtuke, to ya zo wurina, tun kafin ya zauna zan ɓata masa rai.

Wata rana da hantsi, damina ta fara kankama, sai ga wani malamin firamare daga wani ƙauye can bayan Kafur. Kirista ne, daga gidajen nan da iyayensu suka karɓi addinin ta hannun 'yan mishan. Ya yi sallama, muka gaisa, ya ɗora wani gwangwanin biskit a kan teburina. Yana buɗewa warin danshi ya buge ni. Cikinsa hotunan majigi ne, irin ƙananan nan masu launi da ake saka wa ɗan firam na kwali, kowanne bai fi faɗin akwatin ashana ba. Ba a kallon su a hannu, sai an sa a majigi an haska a bango. Ya ce wata Baturiya ce da ta yi aikin jinya a yankinsu ta ɗauke su fiye da shekara goma da suka wuce, da za ta koma ƙasarsu ta bar musu.

Na ɗaga guda ɗaya a haske, ban ga komai ba, fim ne fari fes. Na ɗaga wani, haka. Na ce, "Malam, me ka kawo mini? Waɗannan ai babu kowa a ciki."

Ya sunkuyar da kai ya ce mai ɗakinsa ce ta ga sun yi hunhuna, ta sa ruwa da sabulu ta wanke su kamar faranti, mutanen da ke ciki suka bi ruwa. Allah ya taimaka ya shigo kafin ta kai ga na ƙasa. Ya laluba ya ciro guda ɗaya da ya naɗe a hankici, ya ce wannan ne ya kawo shi.

Na duba da gilashin ƙara girma. Duk hoton ya rine ya koma ja, hunhuna ta shimfiɗa jijiyoyinta a kai, ga karce ko'ina. Amma ana iya gane wani dattijo zaune a gindin bishiya a bakin gona, da wani saurayi tsugunne a gabansa, hannu ɗaya dafe da ƙasa, ɗayan yana miƙa wa dattijon ƙwarya. Malam ya ce dattijon mahaifinsu ne, saurayin kuma wansa, ɗan farin gidansu, wanda sanƙarau ya ɗauke ba da daɗewa ba bayan hoton. Uban ma ya bi shi. Babu wani hotonsa a duniya sai wannan.

"Mahaifiyarmu ce idonta ke tafiya," in ji shi. "Ɗaya ya riga ya mutu. Ɗayan kuma likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, haka zai yi ta raguwa. Ta ce tana so ta ga fuskar ɗanta kafin ya rufe."

Na ce to su kai coci mana a haska mata a majigi. Ya ce sun yi, ba ta ga komai ba sai ja kamar faɗuwar rana. Idon nata ba ya kama abu sai an kawo shi dab da hancinta, cikin hasken rana, kuma sai baƙi ya fita baƙi fari ya fita fari. Abin da yake so in mayar masa da shi hoton takarda babba.

Da na san wahalar da ke gabana da na ce ya wuce Kaduna. Amma ban taɓa iya cewa wani aiki ya fi ƙarfina ba, sai na ce ya bari in gani.

Ga wanda bai san sana'ar ba, irin wannan hoton ba a wanke shi kai tsaye a takarda, sai baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Dole ka sake ɗaukar hoton hoton da kyamara, ka sami sabon nagatif, wato fim ɗin da ake buga hoton takarda daga jikinsa, sannan ka wanke. A baki abu mai sauƙi.

Na ari majigi wurin wani malamin gona da ke haska wa manoma tsutsar auduga. Na toshe tagar shago da barguna da rana tsaka, na zauna cikin zafi gumi na bin bayana, na haska a bango na ɗauka. Da na wanke, saurayin ya fito fuska duk ramuka kamar wanda ya yi agana, ashe gurajen farar ƙasar bangona ne suka hau kansa. Na kafa farin zanen gado, saƙar zanen ta fito layi-layi a fuskarsa. Na sami farin kwali mai santsi, wannan karon tsakiya ta ƙone da haske, gefe kuma duhu, ga shi don kyamara tana gefen majigi kan uban ya miƙe dogo kamar gora. Ina cikin gyara wannan sai a ɗauke wuta. In an dawo da ita ta zo ba ƙarfi, ƙwan majigin ya yi jaja-jaja kamar aci-balbal. Rannan da ta zo da ƙarfinta kuwa, ina cikin saiti sai na ji ɗan ƙara, ƙas, hoton ya fita daga saiti. Zafin ƙwan ne ya lanƙwasa fim ɗin. Na fizge waya daga bango, na ciro shi ina hura masa iska kamar mai fifita kunun jariri. Tun daga nan ban sake yarda na sa shi a majigi ba, na mayar wa mai abu abinsa.

Sai na ce bari in share hunhunar. Na sami sifirit da auduga. Fim yana da fuska biyu, ɗaya mai sheƙi, ɗaya dusasshiya, kuma a dusasshiyar hoton yake kwance. Ta mai sheƙin ta goge lafiya lau. Da na gwada kusurwar dusasshiyar, a wajen sararin sama, sai na ga sararin saman a jikin audugata. Hunhunar ba a kan hoton take ba, ta riga ta ci cikinsa. Na ajiye audugar, na fita waje na zauna, ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

A wannan tsakanin Malam yakan biyo duk sanda ya shigo gari. Ba ya matsa mini, tsayawa kawai yake a bakin ƙofa ya ce, "Mai hoto, ya aiki?" In ce, "Muna kai." Ya ce, "Inna tana gaishe ka. Jiya ba ta gane jikarta ba sai da ta yi magana." Ya juya ya tafi. Da zagi yake yi da ya fi mini sauƙi, don na iya ramawa.

Daga ƙarshe na haƙura da wuta, na koma wa rana. Na sami kwali na huda, na sa gilashin taga mai hazo a bayansa don hasken ya bazu daidai, na kafa fim ɗin a ramin, na ɗaure gilashin ƙara girma a bakin kyamara da zaren roba. Damina ce, sai ka gama shiri hadari ya rufe rana. In ta fito, tsakiyar hoton ta yi garau gefe ya yi dishi-dishi, saboda lanƙwasar nan da majigi ya yi masa. Na matse shi tsakanin gilashi biyu don ya miƙe, sai wasu zobba suka bayyana a kai, irin na man inji a kan ruwa. Jan da ya rine shi kuma, ko da yake fim ɗina baƙi da fari ne, yana sa fuska da riga da ƙasa duk su fito launin toka ɗaya, sai da na tare bakin kyamara da koriyar leda kafin suka rabu da juna. Kowane gwaji fim yake ci, fim ɗin da ya kamata in ɗauki masu neman aiki da shi. Na rame, na ƙara zafi, har maƙwabta suka daina zama a bencina.

Wata rana cikin gajiya na juya fim ɗin, na sa dusasshiyar fuskar ta kalli kyamara. Kai! Nan take abin ya daidaita. Karcen da ke bayan suka ja baya, idon saurayin ya fito har da ɗan haske a ciki. Na ɗauka, na wanke, na ɗauko babbar takarda guda ɗaya da ta rage mini, wadda nake ɓoyo, na buga. Na san juya fim yana mayar da dama hagu, kowane mai hoto ya san wannan, kuma na yi niyyar juya nagatif ɗin wajen bugawa, amma murna ta ɗauke mini hankali. Sai da na yi kwanaki ina bin hoton da ɗan siririn buroshi da tawada, ina cike karce da jijiyoyin hunhuna ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja, sannan na tuna. Na dube shi. A sana'armu abin da muke dubawa rubutu ne, lambar mota ko allon shago. In babu rubutu a hoto, ba wanda ke damuwa da ina ya fuskanta. A nan kuwa bishiya ce da gona da mutum biyu. Na ce fuska ai fuska ce, na sa shi a firam.

Yanzu na ga masu wannan aikin suna sa irin waɗannan hotuna a na'ura, su fito a kwamfuta, a danna nan ja ya tafi, a danna can hunhuna ta ɓace, a juya hoto dama ko hagu kafin ƙiftawar ido. Ba na yi musu baƙin ciki. Sai dai in na ga yatsa ya nufi wajen juyawar nan, har yau sai na ji ƙirjina ya buga.

Ranar da Malam ya kawo tsohuwar, rana ta fito sosai. Ƙaramar mace ce, busasshiya, riƙe da sanda, ɗayan hannun a kafaɗar ɗanta. Na gaishe ta, na fito mata da benci waje. Na cire hoton daga firam don kada gilashi ya yi mata ƙyalli, na miƙa mata ina jin kaina, don wallahi aikin ya yi kyau, ba za ka ce daga wancan jan abin ya fito ba.

Ta kawo shi dab da fuskarta. Ba ta iya ganin hoton duka lokaci ɗaya, sai ta riƙa jan sa a hankali ta gaban idon, kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Ta wuce bishiyar. Ta wuce mijinta, ta ɗan yi murmushi. Ta iso fuskar ɗanta ta tsaya, ta kira shi da sunan da take kiran sa. Ni da Malam muka kalli juna. Sai ta gangara kafaɗa, ta bi hannun har zuwa ƙwaryar. Ta koma kafaɗa, ta sake bi. Murmushin ya ɗauke.

"Da hagu," ta ce.

Malam ya ce, "Na'am, Inna?"

"Da hagu yake miƙa wa ubansa ruwa."

Ta sauke hoton a cinyarta. Da ta sake magana ba da mu take ba, da kanta take. A nan na ji abin da ban sani ba. Ashe yaron bahago aka haife shi. Lokacin kuma ba su daɗe da shiga sabon addini ba, dangin miji suna zuba ido su ga irin tarbiyyar da masu zuwa coci za su yi, duk sanda yaron ya sa hagu a akushi sai a ce ga shi nan, an fara gani. Ita kuwa ta sa kanta sai ta raba shi da hagun nan. Ta ɗaure hannun da tsumma a jikinsa, ta shafa masa barkono, ta doke shi da ludayi, yana kuka tana kuka, shekara da shekaru, har ya koma cin abinci da dama, gaisuwa da dama, miƙa abu da dama. Ta ce duk abin da ta yi a duniya babu wanda ya ci mata rai kamar wannan, kuma da ya mutu abin da take rarrashin kanta da shi ke nan, cewa dukan bai tafi a banza ba.

"Ashe a gabana kawai yake yi," in ji ta. "In na ba da baya sai ya koma. Ashe banza na wahalar da yaron nan."

Na ce, "A'a Inna, ba haka ba ne. Ni na juya hoton wajen aiki. A ainihinsa da dama yake miƙawa."

Ta ɗago fuska wajen muryata. "Kai ka juya shi?"

"Ni na juya shi."

"To ashe ana juyawa. In ka sake juya shi gobe ka kawo mini, ta ina zan san wanne ne na gaskiya?"

Na ruga ciki na ciro madubin da masu ɗaukar hoto ke gyara hula a gabansa, na kara hoton a jikinsa, don a madubi hagu na komawa dama. Malam ya gani, ya ce, "Inna ga shi, da dama ne." Ita kuwa madubin ya nisanta mata shi, ba ta ga komai ba sai walƙiya. Ta ture shi.

Can ta ce, "Tsaya. Ɗana yana da tabo a goshi, saman girar dama, inda san huɗa ya taɓa shi da ƙaho. In tabon da hannun ƙwaryar suna gefe ɗaya, to dama ce, ko ta ina kuka juya. Ku nuna mini tabon."

Ta sake ɗaga hoton tana nema. Ni kuwa sai na tuna wani ɗan farin layi a saman girar, wanda na ɗauka karce ne, na bi shi da tawada na cike shi tas. Goshin saurayin sumul yake kamar na jariri.

Na ce mata na share shi bisa kuskure. Ta ce, "Ka share tabo, ka juya hannu. Sauran me ka bar mini na ɗana?"

Na ɗauko ɗan jan fim ɗin da gilashin ƙara girma na ba Malam. Ya duba, ya ga tabon, ya ga gefe ɗaya suke da ƙwaryar, ya rantse mata. Ta ce, "Kai tausayina kake ji. Ko kura ce a ciki cewa za ka yi tunkiya ce."

A nan zuciya ta ɗebe ni. Makonni ina fama, idona ya kusa tsiyayewa, na ƙarar da fim ɗina da takardata, a ce wai duk a banza saboda hannu? Na ɗaga murya na ce, "Haba Inna! Fuska kika ce kina son gani, ga fuska na fito miki da ita daga cikin ruɓa. Hagu da dama duk ba Allah ne ya halitta ba? In ba ki so ki bar mini abina!" Mutane suka fara tsayawa. Ita kuwa ta kife hoton a kan benci a hankali, ta laluba sandarta, ta ce, "Ɗan nan, mu je gida."

Na rufe shago da wuri ranar. Fushin bai kai ni la'asar ba, gajiya ce kawai ta rage, da muryar tsohuwar nan tana cewa banza ta wahalar da yaron. Ta zo da abu ɗaya da take riƙe da shi, na karɓe, na sallame ta hannu wofi. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne, juya nagatif ne kawai a sake bugawa. Amma da wace takarda? Na je Zariya, babu. Na aika Kaduna, aka ce a jira. Sai a Kano na samu wurin wani tsohon abokin sana'a, 'yan ƙalilan, su ma sun kwana biyu, in ka wanke farin sai ya fito da hazo. Tsugune ba ta ƙare ba. Na rage lokacin da take yi a ruwan magani, hazon ya ragu amma baƙin ya yi rauni. Na ƙara haske, fuskar ta toshe. Kuma wannan karon sai na faɗaɗa hoton sosai, fuska da hannu kawai, don tabon ya yi girman da idonta zai kama. Da ka faɗaɗa kuwa sai fatar ta fashe ta koma tsaba-tsaba kamar an watsa gero, tabon ya ɓace cikin karce. Takarda tana ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na san can ƙauye wani abu yana ƙarewa wanda ba a sayar da shi a Kano.

A ta kusa da ƙarshe na samu. Ban taɓa shi da buroshi ba ko ɗigo. Jijiyoyin hunhuna suna nan sun ratsa kumatunsa, karce sun tsaga rigarsa, farin ya yi toka. Mummuna ne na gaske. Amma tabon yana nan saman gira, hannun da ke ƙarƙashinsa kuma yana riƙe da ƙwarya.

Ban jira Malam ya shigo gari ba. Na naɗe hoton a leda, na hau mota zuwa Malumfashi, daga nan na sami mai babur. Ruwa ya ɓata hanya, wani wurin mu hau, wani wurin mu tura, a wani rafi sai da na ɗora hoton a ka na tsallaka ruwa iya cinya. Na isa gidan bayan azahar, taɓo har gwiwa.

Na same ta zaune a tabarma a tsakar gida. Malam ya ce, "Inna, ga mai hoton Funtua." Ta ce, "Mai faɗan nan?" Na ce ni ne. Ta ce a kawo mini ruwa, aka kawo, na sha. Sannan na durƙusa na sa mata hoton a hannu.

Ta juya wajen rana. Ta kawo shi dab da idon, ta ja shi dama, ta ja shi hagu, ta matsar, ta nisantar. Ta goge idon da gefen zane ta sake gwadawa. Ta daɗe tana yi. Daga baya ta sauke shi a cinya, ta ce, "Ya rufe."

Malam ya juya baya ya kama bango. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa. Duk gajiyar makonnin nan ta sauko mini lokaci ɗaya, na ji ko yatsa ba na iya ɗagawa. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, na makara."

Ta ce, "Mai hoto, matso." Na matsa. Ta ce, "Wannan ɗan nawa ba zan tambaye shi ba, zuciyarsa taushi gare ta. Kai kuwa mutumin da ya iya yi wa tsohuwa tsawa a bakin titi ba zai yi mata ƙarya don ta ji daɗi ba. Kama yatsana ka ɗora a kan tabon."

Na kama yatsan, busasshe, mai kaushi, na ɗora.

"Yanzu bi da ni zuwa ƙwaryar. Kada ka ɗaga."

Na ja yatsan a hankali, daga gira zuwa kumatu, zuwa wuya, zuwa kafaɗa, muka gangara hannun har muka taɓa bakin ƙwarya. Ba mu tsallaka ƙirji ba, ita ma ta ji ba mu tsallaka ba.

"Gefe ɗaya?" ta ce.

Na ce, "Wallahi tallahi gefe ɗaya, Inna. Da dama ya miƙa."

Ta yi ajiyar zuciya. Ta bar yatsan a kan hannun, tana shafa shi a hankali. Na zaci za ta yi murna, ta ce wahalarta ta biya. Sai na ga hawaye yana bin kuncinta daga idanun nan da suka mutu. Ta ce, "Ashe ya ji. Ba na wurin ma ya ji. Yaro mai jin magana haka, da baki ma ya isa, me ya kai ni ɗaure shi?"

Ta rungume mummunan hoton nan a ƙirji, ta ce Allah ya yi mini albarka, ya mayar da ni gida lafiya. Na tashi na kama hanya, don mai babur yana tsoron hadari.

Na yi shekaru da yawa ina sana'ar bayan wannan, tsofaffin hotuna iri-iri sun biyo ta hannuna, waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gara ta taɓa. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mai gyara ba shi ne ya san abin da ke cikin hoto ba, mai shi ne ya sani. Abin da kake gani datti, wataƙila shi ne mutumin, abin da ka ce ba komai, wataƙila a kansa wani ya jingina rayuwarsa duka. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini tsohon hoto, kafin in taɓa shi sai na zaunar da shi na ce ya ba ni labarin wanda ke ciki, ko da kuwa aiki ya yi mini yawa. Kuma in tsoho ne ke jira, na daina cewa sai ya yi kyau tukuna, abin da na samu nake fara kai masa.